Nagama da Dubagarin Shafuka

Ku gyara zama, ni ba sauri nake yi ba. Mai saurin yana cikin labarin, za ku kuma ga inda saurin ya kai shi.

A saman wani bene akwai wata 'yar makarantar koyon kwamfuta. A ƙasa tela ne a dama, mai gyaran waya a hagu, matakala a tsakaninsu. Mai makarantar dattijuwa ce, kowa Gwaggo yake ce mata, har da telan da ya girme ta. Malamanta biyu ne, duk 'yan gida: ɗan wanta da 'yar ƙanwarta. Namijin ana ce masa Nagama, domin ba a taɓa ba shi aiki ya ce "to" ba. Kafin ka rufe baki ya ce, "Ai na gama." Macen kuwa Allura ake kiranta. Siririya ce, maganarta ba yawa, amma in ta soka sai ka zabura.

Ɗakunan makarantar biyu ne. Na gaba mai faɗi ne, da tagogi da fanka da kujera mai taya, a nan ake koyar da gina shafukan yanar gizo. Na baya a jikin banɗaki yake, ba taga, a can ake koyar da buga rubutu, inda malami zai wuni yana gumi yana cewa wannan yatsa nan, wancan yatsa can. Gwaggo ce ke riƙe da na gaba, yaran nata biyu suna karɓa-karɓa a na baya. Da gwiwa ta fara hana ta hawan bene kullum, sai ta kira su.

"Ɗakin gaba zan sakar wa ɗayanku, da ajinsa da kujerarsa," in ji ta. "Wanda ya rasa, na baya ya zama nasa dindindin. Kowa ya gina mini shafi ya zuba darussa. Rubutun umarnin da za ku nuna wa ɗalibai a matsayin misali, ina so a rina shi, umarni da launinsa, lamba da nata, bayani da nasa, yadda ido zai rarrabe. Sannan shafin ya bi ƙa'ida. Na gaji da iyaye suna ce mini darasi ya fito daidai a kwamfuta, a waya kuma kamar kaji sun yi tono. Dubagari zai duba, a gaban kowa."

Dubagarin nan ba mutum ba ne. Wani shafi ne da ake miƙa wa aiki ya bincika ko an gina shi bisa ƙa'idar da duniya ta yarda da ita. In ka buɗe alama ba ka rufe ba, zai faɗa. In ka ajiye abu inda ba muhallinsa ba, zai faɗa. In ya sami aibi ya yi ja ya jero maka su, in bai samu ba ya yi kore. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, saboda ba ya jin "yi haƙuri" kuma ba ya duban girman kowa.

"Ai na gama," in ji Nagama.

"Me ka gama?" Allura ta tambaya.

"Aikin, da ke kanki."

"Allah ya ba da sa'a. Ni dai akwai manhajar rini da masana suka riga suka ƙera, ita zan ɗauko."

Nagama ya yi dariya har da riƙe ciki. "Aro! Gwaggo, kin ji ta ko? Zanen aro ba ya rufe katara. Ni da hannuna zan ƙera marinina."

"Gara na aron," in ji Allura, "da a fito ba zane."

Bai tsaya ramawa ba, domin akwai abin da ya fi gaggawa. Ya sauka ya janyo tela sama da magwajinsa a wuya, wai ya auna tagogin ɗakin gaba don labule.

"Malam, an ba ka ɗakin ne?" in ji tela.

"Saura sanarwa."

"To bari in jira sanarwar. Ni in na yanka yadi ba ya komawa."

Rinin rubutu a shafi ba wani tsafi ba ne. Kowace kalmar da za a rina, ana sa mata alama a gaba mai cewa launi ya fara, da wata a baya mai cewa launi ya tsaya. Kamar famfo ne, a buɗe a tara a rufe. Nagama ya zauna ya ƙera marininsa, ya koya masa buɗe famfo da kyau. Rufewar ce bai kai gare ta ba, domin a lokacin ya riga ya tashi yana tura adireshin shafin ga duk wanda ya sani, da saƙo a ƙasa: ku kalli aikin manya.

Mai gyaran waya a lokacin ya gama sa wa wayar wata mata sabon gilashi. Ya ce bari ya gwada ta da saƙon Malam. Yana buɗewa sai ja ya malalo daga kalmar farko har ƙasa, rubutu ja, layi ja, ba abin da ya tsira.

"Kai! Gilashin nan jabu ne," in ji shi. Ya kwance wayar, ya cire gilashin, ya sa wani. Ja. Ya sake kwancewa. Matar ta miƙe tsaye.

"Bawan Allah, tsagewa kawai ta yi na kawo maka. Yanzu ga hanjinta a tebur."

"Haƙuri, baiwar Allah, jini ne ya taru mata a fuska."

Sai da ya duba tasa wayar ya ga ita ma ta yi ja, sannan ya gane. Ya hau benen yana haki.

"Malam, me ka yanka a shafin nan?"

"Ba za ka gane ba. Ja launin jan hankali ne."

"Ya ja nawa kam. Ya kuma ja mini zagi."

Da ya fita, Nagama ya miƙa wa Dubagari shafin a ɓoye. Dubagari ya yi jajir, ya jero kurakurai ɗari da wani abu. Nagama ya harare shi ya ce, "Hassada."

Ya yi tunani irin nasa, ya yanke cewa rinin ne bai kama ba, kuma maganin rinin da bai kama ba shi ne a sake tsomawa. Ya umarci marinin ya bi ta kan rubutun sau biyu. To, a tsomi na biyu marinin ya tarar da alamomin da shi kansa ya sa a tsomin farko, ya ɗauka su ma rubutu ne, ya rina su. Nagama ya ga abin ya ƙara rikicewa, ya ce a sake. Marinin ya rina alamomin da ya rina alamomi da su. Darasin da bai wuce layi uku ba ya kumbura ya yi tsawon igiyar guga. Kwamfutar ta fara nishi, fankar cikinta tana kuka kamar za ta tashi sama.

Allura ta leƙo daga ƙofa da kofin shayi a hannu.

"Ɗan'uwa, naƙuda take yi ne?"

"Aiki take yi. Taki da ba ta saba da aiki mai nauyi ba ai shiru za ta yi."

"Me ka ba ta?"

"Rini ninki uku."

"Ikon Allah. Na taɓa jin marinin da ya rina yadi, ban taɓa jin wanda ya rina kansa ya shanya ba."

Wannan karon Dubagari ya fara jerowa, ya yi nisa, sai ya tsaya ya rubuta cewa kurakuran sun yi yawa, ya daina ƙirga. Nagama ya sauka ya shaida wa tela cewa aikinsa ya fi ƙarfin Dubagari, har ya sa shi yin shiru.

"Shirun yabo ko na ta'aziyya?" in ji tela, bai ko ɗago daga kan kekensa ba.

Ya koma sama ya rage tsomin, ya shiga tonon cikin shafin yana neman mai laifi. Can ya ci karo da wasu 'yan alamomi masu ban haushi, a warwatse ko'ina cikin misalan. Bari in gaya muku amfaninsu. Misalin umarni, umarni ne na gaske. In ka ajiye shi a shafi haka kawai, kwamfuta ba za ta nuna shi ba, bi za ta yi. Don haka ake sa masa takunkumi, yadda za ta nuna wa ɗalibi shi ba tare da ta aikata ba. Waɗannan 'yan alamomin su ne takunkumin.

"Ga dattin da ke ɓata mini suna," in ji Nagama. Ya share su kaf.

Misalai suka sami baki. Darasin yadda ake rubuta babban kanu ya ɓace, sai ga babban kanun da kansa ya cika fuskar kwamfuta: SUNANKA A NAN. Darasin rubutu mai tafiya ya tashi yana gudu daga dama zuwa hagu. Darasin yadda ake tambayar baƙo bayanansa ya zama tambayar gaske, da akwatunanta da maɓallin aikawa. Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce.

"Baban yara, wannan shafin naka ne?"

"Nawa ne. Kin ga aiki ko?"

"Na ga yana tambayata sunana da shekaruna, da ko ina da aure."

"Misali ne kawai."

"Misali? 'Ya'ya huɗu a tsakaninmu kake tambayata ko ina da aure? Na rubuta masa ya tambayi mai shafin. Kuma ya ce in sa sunana a nan, harafi kamar ƙofar gida. Duk maƙwabta sun gani."

Garin neman gira ana shirin rasa ido, ranar nuni kuma tana matsowa. Nagama ya rufe adireshin kada kowa ya sake leƙawa, ya zauna ya zabga tagumi. Sai wani abu ya faɗo masa. Ya tuna Gwaggo ta taɓa koya musu cewa akwai wani lungu a cikin shafi, tsakanin wasu alamomi biyu, inda magini ke ajiye wa kansa bayani, kuma Dubagari ba ya shiga lungun nan. Ranar da ta yi darasin, daga nan Nagama ya daina saurare. Ya ce ya gama, ya fita shan iska, sauran bayanin ya wuce shi.

Ya ɗauki layi ɗaya mai laifi ya tura lungun. Ya tambayi Dubagari. Kurakurai sun ragu. Ya tura darasi guda. Suka ƙara raguwa. Idonsa ya yi ƙyalli kamar na wanda ya tsinci makullin taska.

"Ashe kai ma kana da makanta," ya ce wa Dubagari.

Daga nan abin ya zama shara. Duk inda Dubagari ya nuna da yatsa, Nagama ya kwashe ya tura lungu. Darussan da bai rubuta ba ya kwaso su daga nan da can, ko karantawa bai yi ba, ya zuba su lungu kai tsaye kada ma Dubagari ya gan su. Shafin kansa kuwa ya daina buɗe shi ya duba, domin a ganinsa gwani ba ya ɗanɗana miyarsa. Fuskar Dubagari kawai yake kallo, tana hucewa tana hucewa, har ta yi kore shar.

Ihun da ya yi sai da tela ya soke yatsa. Ya sauko ya kamo shi da mai gyaran waya, ɗaya a kowane hannu, ya kai su gaban kwamfuta.

"Wane launi ne wannan?"

"Kore."

"Ku ƙara faɗa, Allura ba ta ji ba."

"Na ji," in ji Allura daga ɗakin baya. "Kai ka duba shafin?"

"Wanda ya fi ni ido ya duba."

Ranar nuni ɗakin gaba ya cika. Ɗalibai a gaba, iyaye a baya, tela da mai gyaran waya a bakin ƙofa, matar Nagama a gefe ta harɗe hannu. Gwaggo ta hau benen a hankali tana hutawa a kowane sawu, aka zaunar da ita, aka kunna majigi ya haska bango.

"Wa zai fara?" in ji ta.

Nagama ya riga ya isa gaban kwamfutar. Ya yi gyaran murya, ya yi bayani a kan masu aro da masu ƙira, da bambancin mai hawa jaki da mai tuƙa jirgi. Sannan ya miƙa wa Dubagari shafinsa. Bangon ya yi kore, babu kuskure ko ɗaya. Aka yi tafi. Ya ɗan rusuna, ya dafa kujera mai taya kamar mai shafa kan ɗansa.

"Madalla," in ji Gwaggo. "To, mu ga darussan."

Ya buɗe shafin. Bangon ya yi fari fat. A can sama akwai sunan makarantar, ƙarami. Ƙasa da shi babu komai, ko ɗigo.

Aka zuba ido ana jira.

"Yana zuwa," in ji Nagama.

Bai zo ba.

"Majigin ne," in ji Nagama. "Kai, mai gyara, duba mana majigin nan."

Mai gyaran waya ya ɗaga hannu biyu. "Ni na tuba da kwance abin da lafiyarsa ƙalau saboda kai."

"Ko farin rini ka yi a kan farin yadi?" in ji Allura. "Sabon salo ne?"

Wani dattijo daga cikin iyaye ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Ni ne ba na gani, ko kowa ne?"

"Kowa ne, Baba," aka amsa masa.

Gwaggo ta dubi ɗan wanta. "Ina darussan?"

"Suna ciki, Gwaggo."

"Ciki ina?"

"A lungu."

"Wane lungun?"

"Wanda kika ce Dubagari ba ya shiga."

Gwaggo ta girgiza kai. "Ɗan nan, na ce Dubagari ba ya shiga, na kuma ce kwamfuta ba ta nuna abin da ke ciki. Da numfashi ɗaya na faɗe su. Fito mini da su."

"Yanzu?"

"A'a, bayan na mutu."

Ya cire alamomin lungun, ya sake buɗe shafin. Abin da ya tara duka ya fito a tare, kamar an ɓalle ƙofar garke. Ja ya malale bangon. SUNANKA A NAN ya tsaya a tsakiya, rubutu mai tafiya yana ratsa shi a guje. Sai darasin sa sauti ya farka, domin shi ma ba takunkumi, muryar da Nagama ya ɗauka don gwaji ta cika ɗakin: "Gwaji, gwaji. Ni ne shugaban ajin gaba. Gwaggo ta tsufa, a ba yara wuri." Ta kai ƙarshe ta komo farko. "Gwaji, gwaji."

Ɗalibai suka kife a kan tebura. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Nagama ya danna nan ya danna can, muryar sai ƙara ƙarfi take yi.

"Na tsufa kam," in ji Gwaggo, "amma kunnena garau."

Ana cikin haka sai komai ya ɗauke ɗif. Bangon ya yi ƙiftawa ɗaya, sai ga wani shafi daban, tsaf, darussa a jere, umarni shuɗi, lambobi ruwan goro, bayani kore, kowane launi ya tsaya inda aka ce ya tsaya. A samansa an rubuta cewa darussan Malama Allura ne.

"Wa ya taɓa?" Nagama ya yi tsawa. "Maƙarƙashiya ce!"

"Ba wanda ya taɓa," in ji Allura. "Akwai darasina na yadda shafi ke tura baƙo zuwa wani shafin. A misalin, adireshina na sa. Kwashewa ka yi ko adireshin ba ka canza ba, ka kuma cire masa takunkumi. Na gode, ɗan'uwa, ka hutar da ni tasowa."

Sai da Gwaggo ta buga sanda a ƙasa sannan dariyar ta lafa. Ta ce a miƙa wa Dubagari shafin Allura. Dubagari ya duba, ya yi ja, ya nuna kurakurai biyu: wani hoto da ba a rubuta bayaninsa ba, da wata alama da aka ajiye a inda ba nata ba.

Nagama ya yi tsalle kamar an ba shi sabon rai. "Ja! Jama'a ku shaida, ja ta samu! Ni kore na samu, kowa ya gani da idonsa. Gwaggo, ke kika ce Dubagari ne alƙali. Magana ba ta zama biyu."

Allura ta ciji leɓe, domin wannan sukar ta same ta. Ta zauna ta gyara su a gaban kowa, kunnenta na zafi, Nagama yana tsaye a kanta yana cewa a rubuta cewa sai da aka ba ta dama ta biyu.

Gwaggo ta ciro makulli daga jakarta ta miƙa wa Allura. "Ɗakin gaba naki ne, da ajin. Ki riƙa dubawa kafin ki yi wa wani dariya." Sannan ta juyo. "Kai kuma gaskiyarka, kore ka samu, ba zan danne maka haƙƙi ba. Na ga inda baiwarka take, in wuri ba kowa ba komai, ba a kama ka da kuskure. Duk ranar da ba karatu, ɗakin gaba naka ne. Ka zo ka buɗe, ka zauna, ka koyar. Sauran ranaku kuma, ɗakin baya na jiranka."

Nagama ya tsaya yana juya maganar. Mutane suka zuba masa ido, ana jiran ya fashe. Sai fuskarsa ta washe a hankali. Ya gyara wuyan riga, ya ratsa jama'a, ya tsaya gaban tela.

"Ka ji da kunnenka ko? An raba mana ɗakin. Ita aka ba ranakun wahala."

Haka kuwa aka yi. Har yanzu in ka bi ta layin ranar hutu ka ɗaga kai, za ka hango shi ta taga shi kaɗai, fanka na kaɗa shi, yana juyi a kujera. In ka tsaya gaisawa zai gaya maka cewa tunda aka ba shi ajin nan, ko ɗalibi ɗaya bai taɓa faɗuwa a hannunsa ba. Kada ka musa masa, gaskiya ya faɗa. Ni ma nan na sauke nawa kayan, wanda ya ga abin ɗauka ya ɗauka.